Gejin auna matsin inji: me yake iya nunawa a tsohon babur?

Kayan aikin a ƙaramin akwatin roba yake zuwa: geji mai allura da ke karantawa har psi 300 (psi ma'aunin ƙarfin matsi ne), da tiyo, da kawuna huɗu na ɗaurawa a ramin fulogi, masu faɗin milimita 10, 12, 14 da 18. Aikinsa guda ne, ya faɗi ƙarfin matsin da fistin ke yi a cikin silinda. Ga makanike, ko mai shirin sayen babur na hannu, wannan lamba ta fi toshe ramin fulogi da yatsa raba gardama nesa ba kusa ba.

Yawancin ƙananan babura kai na 10 ko na 12 suke ɗauka. Wasu akwatunan na zuwa da kan roba da ake dannawa da hannu. Wannan a bar shi a akwati, domin mutum ɗaya ba zai danne shi yana buga kik ba, iska ta gefe za ta zurare.

Yawan kuskure a wajen gwajin ake yin sa, sai a ɗora wa gejin laifi. A bar inji ya ɗumama, a kashe makulli, a cire fulogi, a ɗaure kan gejin da hannu kawai, ban da sifana, don haƙoran ramin na alminiyam ne, ba su jure ƙarfi. A tabbata ba a ja cok ba, a murɗe totur har ƙarshe a riƙe. Wanda ya manta totur zai ga lamba ƙasa, ya yanke wa lafiyayyen inji hukuncin buɗewa. Sai a buga kik da ƙarfi sau biyar zuwa bakwai, har allura ta daina hawa. Ƙaramin inji mai lafiya yakan ba da tsakanin psi 120 da 180, amma littafin babur ɗin shi ne alƙali. Ƙasa da 100, tashi da safe zai yi wuya, hawan tudu ma haka.

Inda gejin ya fi burge ni shi ne gwaji na biyu. Idan lamba ta yi ƙasa, a zuba ƙaramin cokali ɗaya na baƙin mai, kamar mililita 5, ta ramin fulogi a sake bugawa. In allura ta yi tsalle sama, man ne ya toshe gibin da ke gefen fistin na ɗan lokaci, ke nan ring, wato zoben da ke jikin fistin, ya cinye ko bulok ya buɗe. In ba ta motsa ba, iskar ta sama take fita, ta bawul (ƙofar shiga da fitar iska a kan inji) ko gaskit. Ko a nan ma kada a yi saurin kwance kan inji. A fara auna gibin bawul inji na sanyi, wanda a irin waɗannan injuna yakan kama daga milimita 0.05 zuwa 0.10. Bawul da ya matse ba ya rufuwa ruf, kuma saitin minti goma kan dawo da matsin da aka ɗauka ya tafi. Lambar da ta zarce ta littafi sosai kuwa, gawayi ne ya taru a kan fistin.

Kayan aunawa masu arha suna da aibu. Ɗan bawul ɗin gejin da ke riƙe iska yakan fara yoyo, sai allura ta riƙa sauka da kanta, kuma ba a musanya shi da na taya domin sifirin ɗin na taya ya fi tauri, zai rage lambar. A zaɓi wanda bawul ɗinsa ke bakin tiyo kusa da inji. In yana can sama wajen geji, doguwar tiyo kan shanye rabon ƙaramar silinda. Robar da ke zagaye da kawunan ma tana saurin tsagewa. Sannan a gwada tsawon kan da na fulogi kafin a ɗaura, don wanda ya fi tsawo zai iya dukan fistin.

Injin da ke da na'urar sassauta matsi don sauƙin tashi zai nuna lamba ƙasa ko da lafiyarsa ƙalau. Ƙwanƙwasar konrod, kukan sarƙar tayimin, toshewar kafireto da raunin wuta kuwa duk ba ruwan gejin da su, kowanne da gwajinsa daban.