Shingen gefen ƙaramin layin dogo: na roba, na katako ko na tagulla, wanne za ka saya?

Duk wanda ya ɓata wata da watanni yana haɗa ƙaramin layin dogo a kan tebur, ya yi tuddai ya shimfiɗa ciyawa ya kafa tasha, ya san akwai ranar da zai tsaya ya kalli abun ya ji kamar bai kammalu ba, kuma sau da yawa shinge ne babu. Shi ke raba gona da titi, ya raba titi da layin jirgi, musamman in Birtaniya kake kwaikwaya tunda can tun ƙarni na 19 doka ta wajabta wa kamfanonin jirgin ƙasa su katange layinsu. Toh amma kafin ka sa kuɗinka ka fara ɗauko rula.

Sikeli ne farko, wato sau nawa aka rage girman abin gaske, kuma kowane sikeli da sunansa. HO ɗaya bisa 87 ne, OO ɗaya bisa 76, N kuma ɗaya bisa 160 (na Birtaniya 148). Shingen gona mai tsayin mita 1.2 a HO bai kai milimita 14 ba, a OO kusan 16, a N kuwa 7.5 kacal. Tsayin ma da sauƙi, masu ƙerawa ba su cika kuskure a nan ba, kauri shi ne inda ake faɗuwa. Tsinken ashana kaurinsa wajen milimita 2 ne, ka ninka sau 87 ka ga ya zama gungume mai santimita 17, a N kuma ya wuce santimita 30, wannan ai ginshiƙin gini ne ba turken shinge ba. Ni dai kullum sai na ajiye ɗan mutum-mutumi na sikelin a gefen shingen, in turken ya fi cinyarsa kauri na san ba nawa bane.

Na roba shi ya fi yawa, irin na kamfanonin Faller, Busch, Kibri ko Ratio, yana zuwa a jere jikin firem ka yanke da reza ka manna. Yana da ƙarfi, yana jure hannu, ga araha in kana buƙatar mai tsawo. Matsalarsa biyu, ƙyalli da taurin kai. Ƙyallin dai, fenti zai kashe shi. Taurin kan kuwa shi ne ba ya son tudu, in ka kwantar da shi kan gangare turakun duk sai su karkace su bi ƙasa, alhali a zahiri turke tsaye yake cak ko a ina aka kafa shi, sandunan kwance ne ke bin gangaren. Akwai wasu na roba mai laushi da aka yi don su lanƙwasu, in filinka hawa da sauka ne su za ka nema, dan Allah karanta bayan kwalin kafin ka biya.

Sai wanda aka yanka da leza, na kwali mai tauri ko katako siriri, kamfanin Noch na yin su sosai. Gaskiya wannan nafi so don shingen katako na gida ko na lambu, saboda ba sai ka yi dabarar mai da roba ta zama itace ba, yana shan fenti kamar yadda katako ke sha, ga shi siriri. Amma ruwa abokin gabarsa ne. Na taɓa kafa wani dogon shinge irin wannan sannan na zo ina fesa gam da aka tsinka da ruwa don ciyawa ta kama, washegari na tarar da shi ya yi cibi ya murɗe kamar igiya, wallahi raina ya ɓaci don na sha wahala kansa. Tun daga ranar sai na gama duk aikin jiƙa ƙasa ta bushe ƙayau kafin shinge ya shiga, kuma ina masa fenti gaba da baya tun yana kwance.

Na tagulla da aka ci da sinadari shi ne sarki wajen kyau, babu gardama. Shingen ƙarfe mai tsini na tasha, ƙofofi, raga, babu robar da za ta kai shi sirantaka. Sai dai ya fi tsada, yana son sufa gulu ko dalma, dole ka fesa masa fentin share fage in ba haka ba fenti ya riƙa ɓarewa, kuma hannun riga kawai ya taɓa shi ya lotse. Shawarata ka saye shi kaɗan ka sa a gaba inda ido ke fara sauka, can baya roba ta wadatar, ba wanda zai gane. Na firinta 3D ma akwai, yana fitar da zane da kyau amma na resin saurin karyewa gare shi.

In kuma doguwar gona za ka kewaye, haɗa da kanka ya fi komai. Ka sayi siraran sandunan sitairin (wata irin roba ce) na kamfanin Evergreen ko na katako masu kaurin milimita 1 zuwa 1.5, ka yanka su daidai da ɗan rara da zai shiga rami, ka huda ƙasa duk bayan milimita 23 wato mita 2 kenan a HO, ka kafa ɗaya bayan ɗaya da farin gam. Kaga tudu ko kwana duk ba ruwanka. Waya ce abin lura, ta gaske mai milimita 3 in an rage ta a HO ba ta kai kaurin gashin kai ba, don haka duk abin da ka sa ya yi kauri, kawai ka nemi mafi siranta. Zaren fatsa yana ƙyalli kuma yana ƙin miƙewa, zaren ɗinki yana da gashi-gashi da ke kama ƙura, zare mai talewa irin EZ Line ya fi min don ko ka buge shi da hannu komawa yake. A N kuwa mutane da yawa turaku kawai suke kafawa su bar wayar, kuma yana kyau.

Ragar waya irin ta masana'anta ana yinta da lallausan yadin raga, a yanka shi a karkace don idanun su zama kamar daimon. Idon ta gaske wajen milimita 50 ne, a HO ya ɗan wuce rabin milimita, don haka zaɓi yadin da idonsa ya fi ƙanƙanta, gidan sauro ya yi faɗi.

Kowanne ka saya, kar ka masa ruwan ƙasa mai haske kamar sabon kabad. Katakon da ya sha rana da ruwan sama toka-toka yake komawa, ka wanke shi da baƙin fenti tsinkakke ya shiga lunguna, ka ɗan karkatar da turke ɗaya ko biyu, sannan ka tura ciyawa gindinsa ta rufe inda gam ya fito.