Lesin Turanci na dare a wani ƙauyen Ringim: ya cancanci kuɗinsa, amma da gyara

Ajin yana cikin makarantar firamare ta garin. Ana shiga bayan isha'i a tashi tara da rabi, kwana huɗu a mako, naira 2,000 a wata. Yawancin ɗaliban 'yan babbar sakandare ne masu shirin WAEC da NECO, sai wasu samari da Turanci ya sha kayar da su. Dalilin tururuwar a fili yake: ba a shiga jami'a sai da kiredit a Turanci, kuma a JAMB tambaya 60 cikin 180 na Turanci ne.

Abin da ya burge mu shi ne malamin daga baki yake farawa, nahawu sai daga baya. Ya gane inda gizo ke saƙar. Hausa ba ta bambanta p da f, shi ya sa yaronmu zai ce fan yana nufin pan. Kowane ɗalibi yana zuwa da ɗan madubi. Malam zai ce: "Haɗe leɓe, sannan ka sake su da ƙarfi, ga p ke nan. Yanzu ɗora haƙoran sama a leɓen ƙasa ka hura, ga f." Minti goma ake yi ana maimaita pan da fan, pull da full, yaro yana kallon bakinsa a hasken fitilar sola. Haka ake yi wa v da ke komawa b, da th da ke komawa z ko s, a nan ma sai an ga tsinin harshe tsakanin haƙora kafin a wuce.

Wasula sun fi wuya. Namu biyar ne, kowanne da gajere da dogo, na Turancin Ingila kuwa sun kai 20 in an haɗa da tagwaye. Kunnen da bai saba ba, cat da cut duk ɗaya yake jin su. Ga kuma baƙaƙe masu cunkusuwa a farkon kalma, waɗanda bakin Bahaushe ke raba su da wasali, yadda bread ya zama burodi. Wannan horon ba ado ba ne, takarda ta uku ta Turancin WAEC a kan furuci take.

A nahawu ma yana kwatantawa da Hausa, kuma daidai ne. Mu muna cewa na tafi, zan tafi, aikatau bai motsa ba, abin da ke gabansa ne ke nuna lokaci. Turanci kuwa kalmar kanta ke rikiɗa: go, went, gone. Yana ba da irin waɗannan guda biyar a mako, a sa kowanne cikin jimla a kan gona ko kasuwa.

Sai dai aji ya yi cunkoso. Mutum ya haura 50, in ka raba awa ɗaya da rabi, kowa bai samu minti biyu na magana ba. Na baya, musamman 'yan mata, sai su yi shiru don gudun dariya, kuma ba a hana dariyar yadda ya kamata. Wannan babban aibi ne, domin yaron da aka yi wa dariya sau biyu ba ya ƙara buɗe baki. Littafin karatu babu, sai kwafar allo, alhali rubutun Turanci ba ya bin furuci. Though da through da tough sai ido ya yi ta ganinsu a takarda kafin su zauna. Rubutun wasiƙa da insha'i kuwa sau ɗaya a wata, ya yi kaɗan ƙwarai ga mai jarrabawa.

Da damina aji yakan zama fayau, wanda ya wuni a gona da fartanya barci yake yi a benci, kuma ba a maimaita wa wanda ya rasa darasi.

Ga ɗan aji ɗaya ko biyu na babbar sakandare, a sa shi yanzu, tun da sauran lokaci. Wanda jarrabawa ta rage masa wata uku, lesin nan kaɗai ba zai fisshe shi ba, sai an haɗa masa da tsofaffin takardun jarrabawa da mai duba masa insha'i duk mako. Kafin a biya, a tambayi malam ko zai raba ajin biyu, a kuma nema wa yaro bencin gaba.