Keken hannu mai ƙafa uku na ƴan walda a Maraɗi: ribarsa da aibinsa

Duk wanda ƙafafunsa ba sa ɗaukarsa amma hannuwansa na da ƙarfi, kuma yana zaune a garin Maraɗi, ina ba shi shawarar ya nemi keken hannu mai ƙafa uku irin wanda ƴan walda ke ƙerawa a nan gida. Shan inna ta same ni tun ina ƙarami, kuma da irin wannan keke nake fita daga unguwar Zariya zuwa bakin babbar kasuwa inda nake sayar da katin waya da caja. Iyaye da yawa kan tare ni su tambayi yadda yake, shi ya sa na ga gara in rubuta komai a wuri ɗaya.

Kafin shi na yi amfani da keken turawa mai naɗewa, irin na asibiti, wanda aka ba ni kyauta a wani rabo na ranar 3 ga Disamba, ranar naƙasassu ta duniya. Allah ya saka wa waɗanda suka bayar, amma ba don ƙasarmu aka yi shi ba. Ƙananan ƙafafunsa biyu na gaba suna nutsewa cikin yashi da zarar ka sauka daga kwalta, sai ka tsaya jiran yaron da zai tura ka. Da ɗaya ta karye, na zagaye masu sayar da kayan keke ban samu madadinta ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ma, a ƙa'idojin da ta fitar a 2008, ta ce keken da ya dace shi ne wanda ya yi daidai da jikin mai shi, ya jure wurin da yake zaune, kuma ake iya gyara shi a ƙasarsu.

A nan ne keken ƴan walda ya yi zarra. Bututun ƙarfe ne aka lanƙwasa aka haɗa, sauran kuma duk kayan keken hawa ne: taya uku manya, kaca, feda da birki. Fedar tana gaban ƙirjinka, kana juya ta da hannu, kacar na jan ƙafar gaba, da ita kuma kake karkata hagu ko dama. Ƙaya ta huda taya, mai faci na bakin hanya zai gyara. Kaca ta tsinke, kowane mai gyaran keke ya san abin yi.

Maigidan rumfar da na je shi ma da sanda yake tafiya, kuma na ga amfanin hakan. Bai fara da maganar kuɗi ba. Benci ya nuna mini ya ce, "Malam, zauna nan, miƙo hannunka in ga inda yake tsayawa." Ya auna faɗin ƙuguna da nisan da feda za ta yi da ƙirjina. Wannan awon kada a raina shi. In fedar ta yi nisa, kafaɗa ce za ta biya, kuma mu da kafaɗa muke neman abinci. Aikin bai fito ranar da aka yi alkawari ba saboda ɗaukewar kuran, wato wutar lantarki, amma waldar ta yi kyau, har yau ba inda ya tsage.

Yanzu aibinsa, kuma babba shi ne wurin zama. Katako ne da ɗan soso siriri aka rufe da leda. Ba a daɗe ba soson ya kwanta, ledar kuma a zafin watan Afrilu tana tara gumi. Mu da shan inna ta kama muna jin zafi, saboda haka mukan gyara zama. Wanda haɗarin kabu-kabu ya taɓa wa laka, sau da yawa ba ya jin komai daga ƙugu zuwa ƙasa. Zai wuni a kan katakon nan bai sani ba, fata ta mutu, gyambo ya buɗe, kuma irin wannan gyambon yana iya kai mutum kabari. Na faɗa wa maigidan haka gaba da gaba. Ya saurara, ya ce soso mai kauri yana ƙara kuɗi kuma masu saye kan ce a rage. Na fahimce shi, amma ko fenti ne a bari, a sa kuɗinsa a soso.

Akwai kuma nauyi. Da yake jikinka yana kan ƙafafun baya, ta gaba takan yi ta juyawa a banza in ka zo hawa tudu ko yashi mai zurfi, musamman da damina inda ruwa ya zaizaye hanya. Ba ya komawa baya da feda, sai ka kama tayoyin baya da hannu. Tsawonsa ba ya barin shi shiga ɗaki ko ban ɗaki, a ƙofa yake tsayawa. Matakalan ofisoshi da masallatai kuwa ba laifin mai walda ba ne. Nijar ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin naƙasassu tun 2008, amma har yau gine-gine da yawa sai an ɗauke mu ake shigar da mu.

Farashi ba ya tsayawa wuri ɗaya, domin kayan keke da yawa daga Nijeriya suke shigowa ta hanyar Jibiya da Ɗan Isa. Lokacin da aka rufe iyaka a 2023 komai ya hau. Ni da kuɗin adashi na biya, rabi kafin a fara, rabi ranar ɗauka.

Tsohon da ɓarin jikinsa ya shanye, ko yaron da ba ya iya riƙe zamansa, wannan keke ba nasu ba ne, a fara kai su likita ya duba. Ga wanda ya dace da shi kuwa, ya je da kansa a auna shi, kada a aika wani. Ya nemi a sa masa birki na biyu a baya, da akwatin kaya ƙarƙashin kujera, da jan abin nan mai ƙyalli a baya saboda masu babur da dare. Soson kuma ya saye mai kauri wurin masu katifa ya kai wa ƴan walda da hannunsa.