Abin da aka ciro daga kuncina

Yaya, barka da war haka. Ina gaida Hajiya da yara. Ka ce in rubuto maka labarin aikin da aka yi mini dalla-dalla, tunda waya yankewa take yi. To ga shi.

Ka tuna toshewar hancin nan da na baro gida da ita, ɓangaren dama kaɗai? Kusan shekara uku ina ce mata mura. Ka san yadda muka yi ta fama: antibayotik kala-kala, majina ta ɗan tsinke, bayan wata guda ta dawo da warinta. Ba wanda ya taɓa leƙa cikin hancin. A nan Ingila kuwa ba mai sayar maka da antibayotik haka kawai sai an duba ka. Na shiga kantin magani da gadarata, matar ta miƙo mini kwalbar roba da ƙunshin gishiri, wai in riƙa wanke hanci. Na fito ina ƙunƙuni. Amma fa kwalbar nan ta fi rabin ƙwayoyin da na haɗiya amfani: ka tafasa ruwa ya huce, ka zuba gishirin, ka sunkuya ka matsa, ya shiga ta wannan kafa ya fito ta waccan. Maganin fesawa mai buɗe hanci nan take kuma ta ja mini kunne kada in wuce mako guda da shi, don in hanci ya saba, toshewar da za ta biyo baya ta fi ta da.

Likitan unguwa yana ta rubutu har na ce "ɓangare ɗaya". Nan ya ɗago kai, ya tura ni wurin likitan kunne, hanci da maƙogwaro. Sai jira. A ƙa'idarsu mako 18 ne a fara yi wa mutum magani, ni na haura haka. Nan kam gida ya fi, wanda ya shirya zai ga babban likita a satin. Sai dai in suna zargin ciwon daji, layinsa daban, so suke a san matsaya cikin kwana 28.

Ranar da layi ya zo kaina, likitan hancin ya zura mini siririn bututu mai fitila a hanci, ina kallon cikin kaina a allo. Daga nan sai hoton siti sikan, wato hoton na'ura mai nuna cikin jiki dalla-dalla. Ashe cikin ƙashin kunci, ƙarƙashin ido, saman haƙoran tauna, akwai kogo da zai ci ruwa kamar babban cokali guda, wajen mililita 15. Ƙofar da yake zubarwa tana can sama, kamar randar da aka huda a wuya, shi ya sa abin da ya shiga yake wuyar fita. Nawa na dama a cike yake taf, da ɗigo-ɗigon fari a tsakiya kamar ƙarfe. Ya tambaye ni ko an taɓa kashe mini jijiyar haƙorin sama aka cike. Na ce an yi. Ya ce dunƙulen funfuna ne, irin da ake kira Aspergillus, kuma sau da yawa abin cikon ne ke ɓullowa ta saiwar haƙori ya faɗa kogon, funfunar ta samu wurin zama.

Sai a lokacin ya gaya mini abubuwan da yake tsoro tun farko. Akwai tsiron da ke fitowa daga kogon ya zazzago bayan hanci har maƙogwaro, ya fi kama yara da matasa, wani likitan Jamus, Gustav Killian, ya bayyana shi a 1906. Akwai wani mai tsirowa ya nutsa ciki maimakon waje, shi ba daji ba ne, amma yana dawowa bayan an cire, kaɗan daga ciki kuma sukan rikiɗe. Wanda ya fi ba ni mamaki shi ne kogon ya toshe ya riƙa tsukewa shiru, ba ciwo, sai dai a ga ido ɗaya yana faɗawa ciki. Sai shi kansa dajin, wanda ke da fili ya girma a ɓoye kafin a farga.

Aikin ta hanci aka yi, ba yanka a fuska. A da ta ƙarƙashin leɓen sama ake fasa ƙashi, dabarar wasu likitoci biyu, Caldwell da Luc, ta 1893 da 1897. Na shiga da safe, da yamma ina gida, sai dai sun ƙi sallamata sai da abokina ya zo ya ɗauke ni, saboda allurar barci. Ba ɗan uwa mai jinyata a gefen gado, Yaya, wannan ya taɓa ni. Abin da aka kwaso kamar busasshen laka yake, sun kai ɗakin gwaji. Ko maganin funfuna ba a ba ni ba, wanke hanci kawai.

Yanzu maganar Kawu. Ka ce hancinsa na hagu ne kaɗai ke toshewa, da jini-jini, kuncin ya yi dundurus, haƙori na girgiɗi. Don Allah kada a ƙara masa wata ƙwaya. Ka kai shi asibitin koyarwa, sashen kunne, hanci da maƙogwaro, ka roƙi a leƙa da kyamara a kuma yi siti sikan, hoton ƙashi na yau da kullum ba ya nuna abin sosai. In an yi, ka turo mini takardar sakamakon. Kwalbar wanke hancin kuma na sayi biyu, zan ba mai tahowa.