Kafin ka biya kuɗin littafin tarihin sarakunan Kano, ƙirga shafukansa

Tun 2019 da aka yanka masarautar Kano aka fitar da Bichi da Rano da Gaya da Ƙaraye, aka tuɓe Sarki Sanusi na biyu a 2020, aka kuma dawo da shi a 2024, kowa a garin nan ya zama malamin tarihi. Mai shayi yana kawo maka Dabo, ɗan adaidaita yana kawo maka Alu. Abin ya yi wa masu sayar da littattafai rana, don littattafan da suka shekara goma suna shan ƙura a saman kanta duk an sauko da su an karkaɗe. Kwanaki wani ƙanena da ke jami'a ya kira ni, ya ce, "Yaya, kuɗin littafi ɗaya nake da shi, wanne zan saya?" Amsar da na ba shi ce na ga ya kamata in baje ta a nan, don na san ba shi kaɗai ke da tambayar ba.

Ba zan ɓoye ba, ina da ɗan lele. Idan kuɗinka na littafi ɗaya ne, nemi Labarun Hausawa da Maƙwabtansu, littafi na biyu, wanda Hukumar Fassara ta fitar a farkon shekarun 1930 a ƙarƙashin Dokta R. M. East, kamfanin buga littattafai na NNPC da ke Zariya kuma ya riƙa sake bugawa daga baya. A cikinsa ne fassarar Hausa ta tsohon Tarihin Kano take, wanda asalinsa da Larabci aka rubuta. Duk wanda ka ji yana zuba a rediyo a kan Bagauda ko Rumfa, daga wannan rijiyar ya ɗebo, ko ya sani ko bai sani ba. To me zai sa ka sayi ruwa a hannun ɗan garuwa alhali ga rijiyar?

Tsohon tarihin yana bin sarakuna ɗaya bayan ɗaya, daga Bagauda har zuwa Muhammadu Bello ɗan Dabo, sarki 48 a lissafin da aka fi sani. Ya fara tun kafin Bagauda ma, da Barbushe da Tsumburbura a gindin Dala. Kowane sarki ana faɗin sunan mahaifinsa, sau da yawa har da na mahaifiyarsa, da jarumansa, da abin da aka fara a zamaninsa, da shekarun da ya yi. Gijimasu ya fara ganuwa. A zamanin Yaji Wangarawa suka zo daga Mali da Musulunci. Kanajeji ya kawo lifidi da sulke da kwalkwali. Rumfa, sarki na 20, shi ya fi kowa samun fili: gidan sarauta da har yau ake kira da sunansa, Kasuwar Kurmi, Tara ta Kano (majalisar manyan masu sarauta tara), kulle, dawakin zage, kakaki, takalmin gashin jimina. Har Sarauniya Amina ta Zazzau ta leƙo a cikinsa, a zamanin Sarki Dauda, inda aka ce Sarkin Nupe ya aika mata da babanni 40 da goro 10,000.

Amma ba jerin ayyukan ne ya sa nake son sa ba. Abin da ya kama ni shi ne marubucin ba maroƙi ba ne. Ya ba da labarin Dakauta, bebe, da aka naɗa da zaton in ya hau gado zai yi magana, aka kwana ɗaya bai ce uffan ba, aka sauke shi. Wanda ya biyo shi, Atuma, kwana 7 ya yi. Ya ba da labarin Umaru, malamin da ya yi sarauta wa'azi ya shige shi, ya ajiye mulki da kansa. Da ya zo kan Sharefa bai rufe masa asiri ba, ya lissafa hanyoyi 7 da ya ƙago na karɓar kuɗin jama'a ya kira su da sunansu na zalunci, ya kuma ce a zamaninsa wuri ya shigo ƙasar Hausa. Kumbari ya matsa wa Kasuwar Kurmi da haraji har ta kusa mutuwa, Larabawa suka tattara suka koma Katsina, talakawa suka gudu ƙauye. Ka karanta wannan wurin ka ajiye littafin ka dubi titi, za ka yi shiru na ɗan lokaci. Ga kuma Alwali, sarkin Haɓe na ƙarshe, da ya sa gatari aka fasa Dirki, abin tsafin da sarakunan Kano suke yi wa yanka, aka tarar Alƙur'ani ne a naɗe cikin fatu, mutane suka ce yadda ya fitar da shi haka shi ma za a fitar da shi. Jihadi ya zo, aka kore shi, ya ƙare a Burumburum.

Hausar fassarar ma abin saye ce. Gajerun jimloli, babu kwana-kwana, irin maganar tsoho a zaure bayan sallar isha'i. Yaro ɗan sakandare zai karanta ya gane.

Aibinsa biyu ne, kuma gara ka san su tun a shago. Na ɗaya, shekarun da kake gani ana mannawa, Bagauda 999 zuwa 1063, Rumfa 1463 zuwa 1499, ba marubucin asali ne ya sa su ba. Shi tsawon mulki ya bayar. H. R. Palmer, Baturen da ya fitar da fassarar Turanci a 1908, shi ya yi lissafi da baya-baya ya samo shekarun. Na sarakunan baya-bayan nan sun zauna, na farko-farko kuwa kada ka rantse a kansu. Waƙar Bagauda ma, wadda ita ma take jero sarakunan, ba a ko'ina ta yarda da shi ba. Na biyu, tsohon tarihin na asali ya tsaya a kan Bello, wanda ya rasu a 1893. Babu Basasa, babu zuwan Turawa a 1903, balle Abbas ko Abdullahi Bayero.

Wannan giɓin ne ya sa na biyu a wurina shi ne Kano ta Dabo Cigari na Alhaji Abubakar Dokaji, wanda ya riƙe sarautar Wazirin Kano. Ya fito a 1958, da Hausa, ya kuma wuce inda tsohon tarihin ya tsaya. Mutumin fada ne ya rubuta shi a zamanin Sarki Sanusi na ɗaya, ka karanta shi da sanin haka, ba wani abu.

Mai jin Turanci da yake son Basasa ita kanta, yadda Sarkin Musulmi Abdurrahman ya naɗa Tukur, Yusufawa suka fice zuwa Takai, Yusufu ya rasu a Garko, Alu ya karɓi tuta ya shigo Kano a 1894, sai ya nemi littafin Adamu Fika na 1978 a kan yaƙin da mulkin Turawa. Yana da kyau, samunsa ne aiki. Na M. G. Smith kuwa, wanda ya bi tsarin mulkin Kano daga 1350 zuwa 1950, na masu rubuta kundin digiri ne, in ba haka ba matashin kai za ka yi da shi. Fassarar Palmer tana yawo kyauta a intanet, amma yadda ya rubuta sunayen sarakuna sai ka yi da gaske za ka gane kakanninka ne. Littattafan da ake bugawa don bikin cika shekara a gadon sarauta, masu bango mai sheƙi da hoton gwamna a shafi na uku, kirari ne aka yi wa ɗinki.

Yanzu ga inda na ƙone, kuma shi ne ainihin abin da ya sa na zauna rubutun nan.

Shekarun baya na sayi nawa kwafin a wurin wani mai baza littattafai a bakin masallaci, ba zan faɗi garin ba. Bangon sabo fil, farashin kuma ƙasa da yadda na zata. Na ce, "Malam, bugun asali ne kuwa?" Ya ce, "Alhaji, daga Zariya aka sauke min shi jiya." Na biya ina murna na yi tsintuwa. Na karanta shi cikin dare biyu. Bayan wani lokaci muna majalisa, hira ta gangaro kan sarakuna, na gyara zama na ce ai bayan Kisoki sai Kutumbi. Akwai wani dattijo da muke kira Baba, tsohon malamin firamare, ya dube ni ya ce, "Ɗana, ina ka kai Abubakar Kado? Ina Shashere da Zaki da Nazaki?" Na ce, "Baba, a littafi na gani." Ya ce in ɗauko. Na ɗauko. Ya sa tabarau ya bi lambobin shafi, sai ga su sun yi tsalle. Sarakuna 6 cur babu su: Yakufu, Dauda Abasama, Abubakar Kado, Shashere, Zaki, Nazaki. Mai fotokwafin ya tsallake ganyaye, ya haɗa ya shafa gam. Da yake labarin sarki bayan sarki ne, wani ya ƙare wani ya fara, ban lura da ɗinkin ba. Shi ya sa ma da na zo kan Alwali na kasa gane daga ina Dirki ya faɗo, ashe a zamanin Zaki aka fara shi, a cikin shafukan da aka cinye min. Har yau in na yi gardama a majalisar sai wani ya ce, "A wane shafi?"

Don haka abu na farko, kada ka ji kunyar tsayawa a gaban mai shago ka bi lambobin shafi daga farko har ƙarshe. Minti biyar ne. In ya fara tsaki, to akwai dalili. Sa'an nan ka nemi sunaye a jere: Yaji, Kanajeji, Rumfa, Kisoki, Zaki, Kutumbi, Sharefa, Babba Zaki, Alwali, Sulaimanu, Dabo. In ɗaya ya ɓata, ajiye.

Bugun jabu iri biyu ne. Akwai fotokwafi tsantsa, wanda za ka gane shi da baƙin layi a gefen ɗinki, da rubutu da ya karkace, da tawadar da take kama yatsa in ka goga. Wannan in shafukansa sun cika, ko ba komai maganar ba ta canza ba, sai dai haƙƙin masu littafin da aka ci, kuma gam ɗin ba ya wuce damina ɗaya. Na biyun ya fi muni: wanda aka ba yaro a shagon kwamfuta ya sake bugawa. Shi wannan fes yake, ya fi na asalin kyan gani. Amma ƙugiyoyin haruffa sun zube, ƙ ta koma k, ɗ ta koma d, sunan da yaron bai sani ba ya gyara shi yadda ya ga dama, layin da ya tsallake ya tafi har abada, kuma lambobin shafi suna nan daidai, babu tsallen da zai tona asiri. Hanyar kama shi ita ce bayan shafin farko. Bugun kirki yana da sunan maɗaba'a da gari da shekarar bugun farko da ta sake bugu. In wurin fari ne fat, ko an rubuta sunan wani kamfani da lambar waya kawai, ka san abin da ka riƙe.

Akwai kuma masu ɗebe tsohon Tarihin Kano ɗungurungum, su canza masa suna, su sa nasu a bango da "Dakta" ko "Kwamared" a gaba. Buɗe babin Rumfa ka karanta layi biyar. In ka ga Hausar tsofaffi a tsakiya, gabatarwa kuma Hausar Facebook, to hannu biyu ne, kuma mai bangon ba shi ne mai tsakiyar ba.

Hotuna kuma kada su ruɗe ka. Duk littafin da ya sa maka "hoton Rumfa" ko "hoton Bagauda" a bango bai ce zane ne ba, ya fara da ƙarya tun kafin bismilla. Sai a 1839 aka bayyana fasahar ɗaukar hoto a Turai. Rumfa ya riga ta da shekara ɗari uku da ɗoriya. Shehu Usmanu ya rasu a 1817, shi ma babu. Wasu hoton wani basarake na zamanin Turawa suke ɗaukowa su canza masa suna, yanzu kuma ga na kwamfuta, sarki da rawani kamar na fim da yatsu shida. Haka maganganun da ake jingina wa sarakuna a cikin baka biyu, babu littafi babu shafi. Tsohon tarihin yana kawo kirari da 'yan maganganu, amma bai kawo huɗubar Rumfa a kan haɗin kan Arewa ba.

Littattafan da suka fito daga 2019 zuwa yau kuwa, ka fara duba shafin godiya kafin komai. Wa aka gode wa, wa ya ɗauki nauyin bugawa? Daga nan za ka san yadda za a ba ka labarin 1963, lokacin da aka sa Sanusi na ɗaya ya yi murabus ya tafi Azare, da yadda za a ba ka na 2020. Wani zai ba shi shafi talatin, wani layi biyu. Ban ce kada ka saya ba, amma kada ya zama shi kaɗai ne a gidanka.

Masu turo fayil a WhatsApp su ce ka tura kuɗi su buɗe maka "cikakken tarihin sarakunan Kano da ba a taɓa bugawa ba", waɗannan ko amsa sallamarsu kada ka yi.

Tsohon kwafi na hannu, wanda takardarsa ta yi ja, da tambarin wata makarantar firamare da sunan wani ɗalibi a shafin farko, ya fi min sabo mai ƙyalli sau goma, in dai ɗinkin zare ne kuma ganyayen sun cika. Irinsa ƙanen nawa ya samo a ƙarshe, a wurin masu tsofaffin littattafai. Ya kira ni daga gaban mai shagon, na ce ya karanto min wanda ya biyo Kisoki. Ya ce Yakufu. Na ce ya biya.