Gilashin 50mm f/1.8 a ranar lumshi: ya kashe yashi, amma ba a hoton taro ba

Duk mai ɗaukar hoton biki a Yamai ya san abin da watan Agusta ke yi masa. Hadari ya taso daga gabas, gari ya yi lumshi, mutane suna ƙarƙashin rumfa, kyamara kuma ta ɗaga ISO, wato ƙarfin da take ƙara wa hasken hoto, da kanta zuwa 3200. A ɗan allonta hoto lafiya lau. Sai an buɗe a kwamfuta a tarar da fuskar amarya cike da yashi, wato ƙananan ɗigo masu ɓata hoto, ga ɗige-ɗige ja da kore a ƙarƙashin haɓa da gefen ɗankwali. Don wannan matsalar kaɗai na sayi gilashin 50mm f/1.8. Kusan shi ne mafi arha cikin gilasan da ake sayarwa daban.

Lissafin ba wuya. Gilashin 18-55mm da ke zuwa da kyamara, in ka miƙa shi zuwa 55mm, iyakar buɗinsa f/5.6 ne, lambar f kuwa in ta yi ƙasa buɗin ya fi faɗi, haske ya fi shiga. Daga f/5.6 zuwa f/2 mataki 3 ne na haske, kowane mataki ninki biyu, wato haske ninki 8 ke shiga. Hoton da zai ci ISO 3200 sai ya dawo ISO 400, gudun shata, wato ɗan lokacin da kyamara ke buɗewa haske ya shiga, bai canja ba. Yashi kuwa babban abin da ke haifar da shi shi ne ƙarancin hasken da ya isa sansa, wato ɓangaren kyamara da ke karɓar haske, ISO dai tona shi yake yi.

Inda ya burge ni shi ne wani taron suna a bakin kogi, ba nisa da Gadar Kennedy, bayan la'asar, sama ta yi duhu ruwa na gab da sauka. Wata dattijuwa ce riƙe da jariri, sanye da shadda ruwan bula mai duhu, irin kalar da yashi ya fi kamawa. Saiti: f/2, shata 1/250, ISO 400. Wallahi da na zuƙo hoton har kashi 100, saƙar shaddar ta fito zare-zare, kwallin idonta ya fito, fatar jaririn sumul, inuwar da ke ƙarƙashin mayafi ba ɗigo ko ɗaya. Wannan hoton da tsohon gilashi sai an bi shi da manhajar goge yashi, ita kuwa in ta yi yawa fuska takan koma kamar roba, gashin gira ya narke. A nan babu abin da aka taɓa sai ɗan gyaran kala. Ga kuma hasken lumshi da kansa mai taushi ne, ba ƙyallin goshi, ba inuwa mai kaifi a ƙarƙashin hanci. Matsalarsa ƙaranci ce kawai, gilashin kuma ya magance ta.

Sai dai kada wani ya ɗauka gilashi zai gyara masa awon haske. In farar sama ta shigo bayan mutum, kyamara za ta ɗauka haske ya yi yawa ta rage, fuska ta fito duhu. Ka zo ka ɗaga ta a kwamfuta, yashin da ka guje wa ya dawo, ko da a ISO 400 ne, musamman a fata irin tamu. Ƙara haske da +0.7 zuwa +1 tun wajen ɗauka, ko ka auna hasken a kan fuskar kanta. Ɗauki RAW, wato ɗanyen hoton da kyamara ba ta sarrafa ba. Kala kuma a sa ta a alamar gajimare, wajen 6000K, in ba haka ba fata ta yi shuɗi-shuɗi.

Yanzu ga inda raina ya ɓaci, kuma har yanzu bai huce ba. Bikinmu ba na mutum ɗaya ba ne. Da an gama hoton amarya sai dangi su jeru sahu uku, wasu zaune wasu tsaye. Buɗi mai faɗi yana rage zurfin abin da ke fitowa sarai, don haka a f/2 sahun gaba ne kawai zai fito, na baya duk dishi-dishi, kuma babu uwar da za ta karɓi hoton da ɗiyarta ba ta fito ba. Dole ka rufe zuwa f/5.6, ISO ya koma 3200, kamar ba ka sayi komai ba. Bugu da ƙari, a kyamara mai ƙaramin sansa irin wadda yawancinmu ke riƙewa, 50mm yana aiki ne kamar 75 ko 80mm. Kafin mutum goma su shiga hoto sai ka ja baya ka fita daga rumfa ka tsaya cikin yayyafi, gilashin kuma ba shi da kariyar ruwa ko ta ƙura. A tsakar gida mai ƙunci ma babu inda za ka ja. Ba shi da na'urar hana girgiza, don haka ƙasa da 1/125 hannu zai nuna. A f/1.8 cif kuma, gefen farar shadda ko hula in ta haɗu da sama yakan yi wani layi ruwan hoda zuwa shunayya, sai an rufe zuwa f/2.5 ko f/2.8 yake raguwa.

Ga hoton mutum ɗaya ko biyu ranar da rana ta ɓuya, ban ga abin da ya kai shi a wannan kuɗin ba, kuma ba zan cire shi daga jaka ba. Amma wanda cinsa da shansa hoton taro ne, kuma gilashi ɗaya zai iya saye, 35mm f/1.8 zai fi masa amfani: hasken ɗaya ne, faɗin ya fi, kuma daga wuri ɗaya zurfin abin da ke fitowa sarai ya fi yawa. Hoton sahu uku kuwa ko da shi sai an fito da mutane bakin rumfa, su fuskanci ɓangaren da sama ta fi haske.