Player's Handbook na 2024: ya raba gardamar sihiri, amma ya karya wa Counterspell ƙafa

Wata shida ke nan teburinmu na daren Alhamis a Jidda yana aiki da sabon Player's Handbook, littafin dokokin wasan Dungeons & Dragons, wanda Wizards of the Coast ta fitar a Satumbar 2024. Ga wanda kalmar sihiri ta sa ya ɗaga gira: takarda ce da fensir da ƙwayar lido mai fuska ashirin, ba wani abu ba. Littafin shafi 384 ne, da Turanci. Abin da na auna shi da shi ɗaya ne: me ke faruwa idan sihiri biyu suka yi karo?

Gyaran da ya fi burge ni shi ne na yawan sihiri a layi ɗaya, wato lokacin da wasa ya zagayo kanka. A bugun 2014, idan ka yi sihiri da ɗan ƙarin aikin nan da ake ba ka kamar gyaran mai awo, to sauran layin sai ƙaramin sihiri marar cin gurbi (gurbi shi ne ƙayyadadden rabon da kake kashewa don yin babban sihiri). Kusan kowa sai ya ruɗe. Yanzu doka ta zama jimla ɗaya: gurbin sihiri guda za ka kashe a layi ɗaya. Misty Step da Fireball tare, babu. Dabarar nan ta harba Fireball biyu da Action Surge, ƙarin aikin da mayaƙi ke samu a layinsa, ita ma an toshe ta.

Dokar tattara hankali ba ta canza sosai ba, kuma a nan ake yawan faɗuwa. Sihiri ɗaya mai buƙatar natsuwa za ka riƙe. Ka fara na biyu, na farko ya tafi. Idan aka ji maka rauni, sai ka jefa ƙwayar Constitution, wato ta ƙarfin jiki, ka kai 10 ko rabin raunin, duk wanda ya fi yawa, sai dai yanzu ba ya wuce 30. Ɗauki misali: ka sa wa mayaƙinku Haste, sihirin ƙara sauri, abokin gaba ya sauke maka Fireball mai ƙwaya takwas, rauni 28. Sai ka kai 14. Ka kasa, Haste ya yanke, mayaƙin ya sandare tsakiyar maƙiya har ƙarshen layinsa na gaba, ba motsi ba duka. Shi ya sa mai riƙe Haste ba ya tsayawa a gaba.

Sihiri iri ɗaya ba ya hawa kan ɗan'uwansa. Mutum biyu su yi maka Bless, d4 guda, wato ƙwaya mai fuska huɗu, za ka ƙara. Amma mabambanta suna haɗuwa: Mage Armor ya ba ka kariya 13 haɗe da Dexterity ɗinka, wato zafin nama, Shield of Faith ya ƙara 2, Shield ya ƙara 5 na ɗan lokaci.

Wuta da duhu kuwa, a karanta rubutun, kada a bi hankali. Web, tarkon yanar gizo-gizo, yana cin wuta, wanda ya maƙale a ciki ya sha raunin 2d4, wato d4 biyu, amma ka ƙone tarkonka da hannunka. Grease, sihirin maiƙo da aka yi shekara goma ana musu a kansa, yanzu an rubuta ƙarara cewa ba ya kama wuta. Darkness yana kashe hasken da bai wuce mataki na 2 ba, Daylight kuma, da yake na 3 ne, yana kore shi.

Inda raina bai kwanta ba shi ne Counterspell, sihirin tare sihirin abokin gaba. Da, yana kashe duk sihirin mataki na 3 zuwa ƙasa kai tsaye, abin da ya haura kuma ka jefa ƙwaya ka kai 10 haɗe da matakinsa. Yanzu wanda ka tare ne zai jefa ƙwayar Constitution, kuma ko ya faɗi, gurbinsa yana nan, aikin da ya yi sihirin da shi kawai ya rasa. Kai ka kashe gurbi na 3, shi gobe ma rana ce. Manyan dodanni kuwa Constitution ɗinsu ba ta wasa ba ce. Ga kuma dokar gurbi guda: idan aka tare maka Fireball a layinka, ba ka da halin mayar da Counterspell, sai dai abokinka ya yi maka. Na gane an so rage ja-in-ja a teburi ne, amma an sayar da shi da arha. Dispel Magic, mai warware sihirin da ya riga ya kama, dai yana nan yadda aka san shi.

Mai jan wasa ya saya, kwafi ɗaya ya ishi majalisa. Kada dai a gauraya shi da tsohon, domin sunayen sihirin ɗaya ne amma lissafin ya bambanta: Healing Word ya tashi daga 1d4 zuwa 2d4, Cure Wounds daga 1d8 zuwa 2d8. Tazara kuma duk da ƙafa aka auna ta, mu nan da mita muka saba, sai a riƙa ɗaukar kowane gida na taswira, ƙafa 5, a matsayin mita ɗaya da rabi.